Hankali a Sahun Jiki: Mazhabar Samkhya da Fassarar Albiruni

A wajajen ƙarni na 4 Miladiyya, Ishwarakrishna ya tsara koyarwar Samkhya, ɗaya daga mazhabobin falsafar Hindu, cikin baitoci kimanin 70. Abin da Bahaushe kan dunƙule ya kira zuciya, shi gida uku ya kasa shi: manas mai tattara saƙon ido da kunne, ahamkara mai cewa "nawa ne", sai buddhi mai yanke hukunci. Daga baya malaman Wedanta suka ƙara citta, ma'ajiyar tunani.

Abin lura shi ne, Samkhya ta jera ukun nan a sahun jiki. Kayan aiki ne kawai, ba su san kansu ba. Haske suke ara daga purusha, mai kallon da ba ya aikata komai.

Da Albiruni ya zo bayyana wannan da Larabci, a littafinsa kan Indiya na shekarar 1030, sai ya kira purusha da nafs. A ganina nan gizo ke saƙar, domin a wurin zamaninsa Ibn Sina, hankali ƙarfi ne na nafs, ba ya rataye da jiki. Kalmar ta mayar wa purusha aikin tunani da Samkhya ta raba shi da shi.