Sarakunan Baba: Labarin Sana'ar Rini a Ƙasar Rano

A cikin labarin Hausa Bakwai an ce sa'ad da 'ya'yan Bawo suka rarrabu, kowa ya kama ƙasarsa, sai aka raba musu aiki. Aka ba Gobir yaƙi, aka ba Katsina da Daura kasuwa, Zazzau kuwa aka kira ta sarkin bayi. Kano da Rano su aka kira Sarakunan Baba, watau baban rini. Ko an yi wannan rabo da gaske, ko kuwa mutanen baya ne suka dubi abin da kowace ƙasa ta shahara da shi suka tsara labarin, abu guda dai ya tabbata: tun zamani mai nisa, in an ambaci Rano sai a tuna da karofi.

Garin Rano yana kudu da birnin Kano, a tsakanin duwatsu. An ce Zamna Kogo ne ya kafa sarautarsa, shi ya sa ake yi wa Sarkin Rano kirari da Autan Bawo. Da ƙarfin Kano ya bunƙasa sai Rano ta koma ƙarƙashinta, ta zauna a haka ƙarnuka. A 2019 aka mai da ita masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka soke wannan, sa'an nan aka sāke kafa ta da daraja ta biyu, tana riƙe da Rano da Bunkure da Kibiya, inda garin Kahu yake. Wannan yanki ya fi arewacin Kano samun ruwan sama, don haka auduga da baba suka karɓi ƙasar. Daga nan sana'ar ta samo tushe.

Hannuwan da tufa ke bi

Kafin rawani guda ya hau kan mai shi, sai ya ratsa hannun masu sana'a da yawa, kowa kuwa yana ganin tasa ce uwa. Manomi ya ce ba don shi ba da babu auduga, babu baba, ya kawo kirarin noma, na duƙe tsohon ciniki. Mata a cikin gida su gurje audugar, su saɓe ta, su kaɗa zare da mazari, su ce ai daga hannunsu tufa ke farawa. Masaƙi ya ja zare ya saƙa ƙwarya ƙwarya, wata ba ta wuce faɗin ɗan yatsa ba, irin wadda ake haɗa turkuɗi da ita. Maɗinki ya harhaɗa, kuma da yawa daga cikin maɗinkan nan almajirai ne da malamansu, masu neman abin kai da allura. Sa'an nan a kai wa marini, daga marini sai mabugi, daga mabugi sai dillali, daga dillali sai fatake.

Ba duk waɗanda suka yi wannan wahala ne suka ci moriyarta ba. A ƙarni na 19 manyan gandaye da rinjoji sun yawaita a kudancin Kano da arewacin Zazzau, bayi ne kuwa suka noma kaso mai yawa na audugar da baban da aka yi arziki da su. Wanda zai ba da labarin wannan ciniki bai kamata ya tsallake su ba.

Abin da marini ke bukata

Da farko a manyan tukwane ake rini. Daga baya aka koma haƙa rami wanda ya fi tsayin mutum zurfi, a shafe cikinsa da laso don kada ya sha ruwa. Shi laso ana yinsa da katsi, watau dattin da ke kwantawa a gindin karofi, a kwashe shi a ƙona, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara. Wannan dabara ita ta sa rini ya yi araha, gama rami guda yana ɗaukar abin da tukwane da yawa ba su ɗauka, ga shi kuma yana daɗewa.

In an tambayi tsofaffin marina abin da yaro zai fara koya, abu uku sukan lissafa. Na fari haƙuri. Akan cika rami da ruwa, a zuba baba da toka da ƙonannen katsi, a rufe, a bar shi kwanaki yana tsima, ana motsa shi da doguwar sanda. Ba a yi masa gaggawa. Na biyu ido da hanci. Babu ma'aunin da zai gaya wa mutum cewa rini ya nuna, sai launin kumfar da ta taso da irin warin da ke fita. In toka ta yi yawa ko ta kasa, rami ya mutu, an yi hasarar baba da kwanaki. Haka kuma wurin tsomawa: tufa takan fito daga ruwa da ɗan kore kore, sai ta sha iska ta juya shuɗiya. Kowace tsomawa tana ƙara mata duhu, marini ne zai san inda zai tsaya, ko shuɗi ake so ko baƙi wuluk. Na uku amana, ita ce babba. Dukiyar mutane ce ke kwana a hannun marini, wani bai ma san fuskar mai ita ba, sai ta hannun dillali. Ranar da aka ce kayan wani sun ɓace ko sun musanya a karofinsa, ran nan kasuwarsa ta fara mutuwa.

Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da shanya, a ƙarƙashin ubansa ko maigidansa, ya yi shekaru kafin a yarda ya haɗa rami da kansa. Mabuga su ma haka. Sukan shimfiɗa tufa a kan gungume, su barbaɗa garin shuni da ɗan kitse, su yi ta bugu da taɓaren itace har ta riƙa walƙiya. Ƙarfi kaɗai ba ya wannan aiki, domin wanda bai iya ba sai ya fasa zare. Da irin wannan bugu garin Kura, maƙwabcin Rano, ya yi suna, har aka sa wa rawanin suna ɗan Kura, wanda Buzaye ke naɗawa yana rina musu fuska.

Ladan sana'a

Bayan jihadi, da Kano ta shiga hannun Fulani a 1807, musamman daga zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, kasuwa ta buɗe ƙwarai, masu sana'a suka yi ta ƙaura zuwa ƙasar Kano. A 1851 wani Bature Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Kano ya yi lissafin cinikinta. Ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla. Abin da ke zuwa Tambutu kaɗai ya ce ya kai kayan raƙumi 300, na wuri miliyan 60. Ya kuma ce wuri 50,000 zuwa 60,000 sun isa riƙon gida guda shekara, har da sutura. In aka auna, kuɗin kayan raƙumi ɗaya ya isa ciyar da gida uku shekara, har da saura. Hukuma ma ta sami rabonta, gama ya tarar ana karɓar kuɗin karofi wuri 700 a kan kowane rami, ramukan birnin kaɗai kuwa sun fi 2,000. Amma yawancin aikin ba a birni ake yinsa ba, a garuruwa da ƙauyuka ne, musamman na kudu, inda baba da ruwa da itace suke kusa.

Marina ba su tsaya ga kuɗi kaɗai ba in suna faɗin daɗin sana'arsu. Mai karofi yana noma da damina, da rani kuwa ba ya barin gida ya tafi cin rani, aikinsa yana bakin gari. Ya biya haraji, ya aurar da 'ya'yansa, ya bar musu ramuka gado kamar yadda ake barin gona. Mace mai kaɗi tana da abin hannunta, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Baƙin hannun marini kuwa, wanda sabulu ba ya fitarwa, bai zama masa abin kunya ba, shaida ce cewa yana da abin yi.

Juyin zamani

Hausawa sun ce zamani riga. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, yadin Turai ya shigo da araha, daga 1912 kuma manoma suka raja'a ga gyaɗa. Duk da haka rini bai faɗi rana ɗaya ba, domin Buzaye ba su yarda sun sāke turkuɗi da wani abu ba. Amma farin 1973 ya kashe musu dabbobi, ya rage musu abin saye. A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar ruwa ta Tiga, noman rani ya kankama a Kadawa da Kura da Bunkure. Jikokin marina da yawa suka koma shinkafa da tumatir da alkama, ramuka suka cike da ƙasa. Ko a Ƙofar Mata cikin birni, kaɗan ne daga ramukan ke aiki.

Ba wanda zai zargi mutum don ya bi abin da zai ci da iyalinsa. Abin tsoro shi ne, sanin rini ba a littafi yake ba, yana cikin ido da hancin waɗanda suka yi shi. Ramin da ya cike ana iya yashe shi a shafa sabon laso, amma tsohon da ya san nunar rini, in ya kwanta dama bai koya wa kowa ba, shi ke nan. Ya kamata samarin Rano da Kibiya da Kahu da suka yi makaranta su zauna gaban dattawan da suka rage, su tambaye su, su rubuta, tun da sauran lokaci. Sa'an nan ko wace sana'a suka kama, haƙuri da lura da amana da marina suka koya wa yaransu za su yi musu amfani. Allah ya ji ƙan magabata, ya sa albarka a sana'ar na baya.