Ƙadangaren Goronyo: Ƙoƙon Kan da Ya Rikita Masana

1/ Jiya da yamma ina zaune kan wani dutse a nan Dutse, ƙadangare na ta yi min gyaɗa kai. Sai na tuna wani danginsa na nesa da na ci karo da shi a karatu. Ku biyo ni, jama'a 🧵

2/ Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, ƙasar Sakkwato ruwa ce. Teku ce ta ratso Sahara ta kwanta a wajen. A cikinta akwai manyan ƙadangarun ruwa da masana ke kira mosasaur. Ba kada ba ne, ba kifi ba ne, ƙadangare ne da ƙafafunsa suka koma abin iyo.

3/ Ta yaya aka gane? Ta ƙoƙon kai. A 1808 Georges Cuvier na Faransa ya duba kan wani da aka tono a Maastricht, ƙasar Holan, ya ce wannan fa ɗan uwan damo da guza ne. Alamomin: haƙora a ganɗa bayan na baki, da gaɓa a tsakiyar muƙamuƙin ƙasa mai ba shi damar buɗewa. Har yau ana muhawara: damo suka fi kusa da shi ko maciji?

4/ Namu kuwa, a 1930 W. E. Swinton ya bayyana wasu ƙasusuwa daga lardin Sakkwato, ya sa musu Mosasaurus nigeriensis. A 1972 Azzaroli da abokansa na Jami'ar Florence, Italiya, bayan sun samo ƙoƙon kai a yankin Goronyo, suka ce a'a, wannan jinsi ne daban. Suka raɗa masa Goronyosaurus, wato "ƙadangaren Goronyo".

5/ Kan nan ne ya rikita lissafi. Baki dogo siriri kamar na kada, idanu ƙanana, haƙora miƙaƙƙu kamar tsinke. Da farko aka ware masa gida nasa shi kaɗai. A 1988 Soliar ya sake nazarinsa ya kai shi cikin dangin Tylosaurus. A 2024, bayan an bayyana Khinjaria daga Maroko, aka haɗa su gida ɗaya da Selmasaurus na Amurka. Kai ɗaya, gida uku!

6/ Kada wani ya ɗau diga ya nufi duwatsunmu fa 😅 Na Dutse narkakken dutse ne ya daskare, ba ya ajiye ƙashi. Sai dutsen da laka ta zama, irin na Sakkwato.

7/ Abin da ke ci min rai: ƙoƙon kan nan yana Florence, sunan Goronyo na yawo a littattafan duniya, ni kuwa sai da na girma na ji labarinsa. 'Yan Goronyo da ke nan, kun taɓa ji?