Barcin Farko da Barci na Biyu: Me Tarihi Ya Ce wa Marubucin Dare?



Akwai wani alfahari da ya zama ruwan dare a tsakaninmu. Wannan ya ce bai runtsa ba sai da aka kira assalatu, waccan ta ce awa uku kacal take barci tun da ta fara sabon littafi, domin masu karatu na jiran ci gaba a WhatsApp kullum da safe. Idan aka yi musu magana sai su ce ai manyan masana ma haka suka yi, kuma barcin awa takwas a jere baƙon abu ne da zamani ya kawo. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihinta mu ga iyakarta.

Masanin tarihi Roger Ekirch na jami'ar Virginia Tech a Amurka ya shafe shekaru yana binciken yadda Turawa ke tafiyar da darensu kafin zuwan masana'antu. A takardun kotu da littattafan likitoci da rubuce-rubucen mutane na yau da kullum, ya yi ta cin karo da "barcin farko" da "barci na biyu", har ya tara ambato sama da 500. Ya bayyana sakamakon a wata maƙala a 2001, sannan a littafinsa na 2005. Abin da ya gano shi ne, mutane kan kwanta da wuri, su yi barcin awa uku ko huɗu, su farka wajen tsakar dare. Sai su yi kamar awa guda ido biyu, wani ya yi addu'a, wani ya hura wuta, wani ya duba dabbobi, ma'aurata su yi hira. Daga nan su koma su ƙarasa har gari ya waye. Ekirch ya ma kawo misalin 'yan ƙabilar Tibi na nan Najeriya, waɗanda masu bincike suka samu suna amfani da waɗannan sunaye biyu wajen ƙididdige lokutan dare.

Haske da agogon ma'aikata ne suka kashe al'adar. An fara kunna fitilun titi a Paris a 1667, fitilar gas ta haska wani titi a Landan a 1807, Thomas Edison ya fito da ƙwan lantarkinsa a 1879. Hira ta ƙara tsawo, kwanciya ta ja baya, ga shi masana'anta na jiran ma'aikaci da sassafe. Dole barci biyu ya dunƙule ya zama ɗaya. Tun 1817 Robert Owen ya fara kiran a raba yini uku: awa takwas aiki, takwas hutu, takwas barci.

A 1992 wani likita mai suna Thomas Wehr ya wallafa gwajin da ya yi a Amurka, inda ya sa mutane zama cikin duhu na awa 14 kowane dare har tsawon wata guda. Da farko sun yi ta sharar barci kamar masu biyan bashi. Zuwa mako na huɗu barcinsu ya rabu gida biyu, kowanne kusan awa huɗu, da farkawa a tsakani. A lura da jimillar: kusan awa takwas. Kuma ba kowace al'umma ce ke rabawa ba. Binciken 2015 a kan Hadza na Tanzaniya da San na Namibiya da Tsimane na Bolibiya, waɗanda ke rayuwa ba lantarki, ya nuna galibi a jere suke barcinsu, kusan awa shida zuwa bakwai, cikin kwanciyar awa bakwai zuwa takwas da rabi.

Mu kam ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun tashi mun ga tsofaffin da ke kwanciya da zarar an idar da isha'i, su tashi a sulusin dare na ƙarshe su yi nafila, sannan da rana su yi ƙailula. Sun raba barcin, amma ba su taɓa ɗaukar rage shi a matsayin jarumta ba. Dare mahutar bawa, in ji su.

Masu rage barci labarinsu daban ne. A 1943 mujallar Time ta ruwaito cewa Buckminster Fuller, wani mai ƙirƙira Ba'amurke, ya yi shekara biyu yana barcin minti 30 bayan kowace awa shida, wato awa biyu a yini. Daga baya ya daina, aka ce tsarin bai dace da na abokan aikinsa ba. Shaidar duka daga bakinsa ta fito. Edison kuwa, da ke taƙamar awa huɗu ko biyar sun ishe shi, yana da gadon da yake kishingiɗa a wurin aikinsa, har hotunansa akwai yana barci da rana tsaka.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Balzac, marubucin Faransa da ake buga misali da shi wajen rubutun dare da shan gahawa. A wata wasiƙarsa ya bayyana tsarinsa: yana kwanciya ƙarfe 6 ko 7 na yamma, a tashe shi ƙarfe 1 na dare, ya yi rubutu har ƙarfe 8 na safe, sannan ya ƙara barcin awa ɗaya da rabi. Mu haɗa lissafin, awa bakwai da rabi zuwa takwas da rabi ke nan. Mutumin da muke fakewa da shi ya fi da yawanmu barci.

To nawa ne babba ke buƙata? A 2015 manyan ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka sun yi matsaya a kan awa bakwai ko fiye. Gaskiya ne a 2009 an gano a wata jami'a a Kalifoniya cewa akwai masu wani sauyi a ƙwayar gado da awa shida ke wadatar da su, sai dai irinsu ƙalilan ne ƙwarai. Gwajin da ya fi tsoratar da mu shi ne na jami'ar Pennsylvania a 2003. An taƙaita wa wasu barci zuwa awa shida na kwana 14, natsuwarsu ta yi ta raguwa har ta kai ta wanda ya yi dare ɗaya bai runtsa ba, alhali su a ganinsu ɗan gyangyaɗi ne kawai ke damunsu. Ga marubuci wannan babbar asara ce, domin idon da zai gane cewa jarumar da aka kira Hafsat a babi na uku ta koma Hauwa a babi na tara, shi ne idon da ya fara dusashewa, mai shi bai sani ba.

Mun san dalilan da ke kai mu rubutun dare: sai dare ake kawo wuta, data ta fi araha, yara sun yi barci, gida ya yi tsit. Ba mu ce a daina ba. Mu dai mu riƙa lissafi. Wanda ya kwanta ƙarfe 9 ya tashi ƙarfe 1 ya samu awa huɗu. Ya yi rubutu zuwa ƙarfe 3, ya koma har asuba, ya ƙara biyu. Idan ya samu ƙailular awa guda, bakwai ta cika. Wanda kuma aiki ko makaranta ba za su bar shi ya rama da rana ba, gara ya kwanta da wuri ya yi rubutunsa bayan sallar asuba, ya gaya wa masu karatunsa ci gaba sau uku ne a mako. Wanda barci ya ƙaurace masa makonni ba da son ransa ba, wannan sai ya ga likita.

Kowa ya ƙirga awannin barcinsa na kwana bakwai, dare da rana, ya zo mana da jimillar mako mai zuwa, mu ga ko mu nawa ne suka kai 49. Allah ya ƙara mana lafiya da basira.