3.4 Kwafin Ko-Ta-Kwana A Zamanin Girgije: Misali Daga Kamfanin GitLab

Kamar yadda aka nuna a baya, tun farkon shekarun 1950 ake kwafe bayanan kwamfuta a kan zaren tef a ajiye shi gefe saboda ko-ta-kwana. Wannan tsari ya fara sauyawa a 2006, lokacin da kamfanin Amazon na Amurka ya soma ba da hayar wurin ajiya ta intanet da sunan S3, sannan a 2009 ya ƙara da RDS mai kula da rumbun bayanai. Irin wannan haya ita ake kira girgije. Da zuwanta yin kwafi ya yi sauƙi ƙwarai, domin kwamfuta ce ke yin sa da kanta. Amma maido da bayanai daga kwafin aiki ne daban, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Abin da ya auku ga GitLab, wato kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu a wurinsa, ya isa misali. A daren 31 ga Janairu, 2017, kwamfuta ta biyu mai kwafar babban rumbun kamfanin ta daina bin sawun ta farko. Wani injiniya ya yi niyyar share ta domin a sake cika ta, sai ya ba da umarnin a kan ta farkon bisa kuskure. Kafin ya ankara, kimanin gigabait 300 sun tafi.

Kuskure irin wannan ba baƙon abu ba ne. Abin lura shi ne abin da aka tarar bayansa. Kamfanin na da hanyoyin ajiya har guda 5, amma babu wadda ta yi aiki yadda aka tsara. Manhajar da ke kwafar rumbun ta PostgreSQL 9.2 ce, alhali rumbun yana kan 9.6, don haka ba ta kwafar komai, ma'ajin S3 kuwa wayam aka same shi. Saƙonnin gargaɗi da take aikawa ta imel ba su isa ga kowa ba. Haka kuma ba a kunna tsarin ɗaukar kwafin faifai na Azure ba a kan kwamfutocin rumbun, duk da cewa a can suke haya a lokacin.

Abin da ya ceci kamfanin shi ne wani kwafi da aka ɗauka da hannu kimanin awa 6 kafin ɓarnar, shi ma don gwaji aka yi shi. Maido da shi ya ci kusan awa 18 saboda jinkirin faifan da yake kai, kuma an nuna aikin kai tsaye a YouTube. An yi asarar ayyuka kusan 5,000, da sharhi kusan 5,000, da rajistar sababbin masu amfani kimanin 700. A rahoton da kamfanin ya fitar cikin Fabrairu 2017, ya ƙudiri ɗora nauyin ajiyar a wuyan mutum takamaimai, tare da gwada maido da kwafi a kai a kai.