Sunan da Ke Riga Harsashi Isa

In ka saurari hirarmu a gidajen nan na ƙasashen waje, sai ka ɗauka Yahudawan Isra'ila bakinsu ɗaya, Falasɗinawa ma haka. To, tarihi bai nuna haka ba. Kowane ɓangare ya taɓa juya bindiga a kan ɗan gida, kuma kafin a harba, sai an fara laƙa wa mutumin wani suna.

A watan Yunin 1948, wata guda da ayyana ƙasar Isra'ila, jirgin ruwan Altalena ya iso da makaman ƙungiyar Irgun ta Menachem Begin. Firaminista Ben-Gurion ya ɗauki lamarin a matsayin tawaye, ya sa aka buɗe wa jirgin wuta a gaɓar Tel Aviv. Rikicin ya ci mayaƙan Irgun 16 da sojoji 3. Cikin kwamandojin gwamnati da ke bakin teku har da matashi Yitzhak Rabin.

Shekara 47 bayan nan, abin ya zagayo kansa. Da Rabin, yana firaminista, ya ƙulla yarjejeniyar Oslo da Yasser Arafat a 1993, masu zanga-zanga suka dinga kiransa maci amana, har da hotonsa cikin kakin 'yan Nazi. Wasu suka ce shi "rodef" ne, wato a shari'ar Yahudawa mai bin wani don ya kashe shi, wanda jininsa ya halatta. Ranar 4 ga Nuwamban 1995, Yigal Amir, Bayahude ɗalibin shari'a ɗan shekara 25, ya harbe shi. Ya ce bai yi nadama ba.

Falasɗinawa ma da nasu tabon. A boren 1936 zuwa 1939 kan mulkin Birtaniya, gabar gidan Husaini da gidan Nashashibi ta ci rayukan mutanen da aka zarga da haɗa baki da abokan gaba, har aka bi Fakhri Nashashibi Bagadaza aka kashe shi a 1941. A intifadar farko, daga 1987 zuwa 1993, ɗaruruwa sun mutu a hannun 'yan uwansu da sunan "amil", wato ɗan leƙen asirin Isra'ila. Bayan Hamas ta ci kujeru 74 cikin 132 a zaɓen 2006, faɗanta da Fatah a Gaza a Yunin 2007 ya ci mutum sama da ɗari. An jefo mutane daga saman bene, an yi harbi har cikin asibiti.

Wannan bai wanke mamaya ba, kuma bai daidaita mai jirgin yaƙi da wanda aka rushe wa gida ba. Hasali ma mamayar na amfana da rabuwar, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da nake so mu lura da shi, zuciyar ɗan Adam ba ta yarda da kisa cikin sauƙi, balle na wanda kuke sallah sahu ɗaya. Sai an samo mata kalmar da za ta fitar da mutumin daga sahun mutane, an maimaita ta a taro har ta daina ɗaci. Daga nan mai kisan kansa gani yake kare al'umma ya yi. A aikinmu na jinya akan hana mu ce wa mara lafiya "gado na bakwai", don wanda ya zama lamba, sakaci da shi ba ya wuya.

Saboda haka, 'yan uwa, in gardama ta yi zafi a zauren WhatsApp na dangi, mu kula da "munafuki" da "ɗan koren Yahudawa" da muke jifan juna da su. Yaranmu na saurare, kuma a bakinmu suke koyon wanda ya cancanci tausayi.