Hasken Ƙofar Gida: Tarihin Fitilun Nowel a Unguwannin Amurka

A ƙasar Amurka, daga ƙarshen watan Nuwamba har zuwa shigowar sabuwar shekara, akwai wata al'ada da iyalai ke yi a daren Asabar da na Lahadi. Da zarar an gama cin abincin dare, sai a zuba yara cikin mota, a kama hanyar wata unguwa wadda ta yi suna wajen ƙawata gidaje da fitilu masu launi, a shiga jerin motoci ana tafiyar hawainiya ana kallo. Wasu sukan ajiye motar su taka da ƙafa duk da tsananin sanyi, su biya gidan dangi ko na abokai kafin su koma. Bikin da ake yi wa wannan ado shi ne Kirsimeti, wanda a Nijar aka fi sani da Nowel, wato ranar 25 ga Disamba da Kiristoci ke tunawa da haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Bikin kansa ya daɗe ƙwarai, amma adon bakin titi da yawon kallonsa ba su wuce shekara 100 da ƴan kai ba. Abubuwa uku ne suka haɗu suka haife su: wutar lantarki, motar hawa, da hutun ƙarshen mako.

Tun farko ma ba kowa ne ya yi maraba da bikin a wannan ƙasa ba. Turawan Ingila masu tsananin riƙon addini da suka kafa yankin Massachusetts sun ɗauke shi bidi'a, domin Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar haihuwar ba, kuma a ƙasarsu ta asali lokacin shaye-shaye ne da sharholiya. A shekarar 1659 hukumarsu ta kafa doka cewa duk wanda aka kama yana bikin zai biya tarar sule 5, ba a kuwa soke dokar ba sai a 1681. Har zuwa farkon ƙarni na 19, a birane irin su New York da Philadelphia, Kirsimeti bikin titi ne na samari da leburori, waɗanda ke yawo cikin dare da gwangwanaye da ƙahoni suna hana masu hali barci. Masu halin ne suka yi ƙoƙarin janye bikin daga titi su shigar da shi cikin ɗaki, suka mayar da shi sha'anin iyali, na yara da kyaututtuka.

Itacen da ake kafawa cikin ɗaki a yi masa ado al'adar Jamusawa ce, baƙin da suka yi ƙaura daga Jamus suka zo da ita. Ta samu karɓuwa sosai bayan da wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert, wanda Bajamushe ne, suna tsaye da ƴaƴansu a gindin irin wannan itace a 1848, wata mujallar mata ta Philadelphia kuma ta sake buga shi da ƴan canje-canje a 1850. A shekarar 1870 gwamnatin tarayya ta sa ranar cikin ranakun hutu. Hasken itacen a wancan zamani na kyandir ne da ake liƙawa a rassa. Ba a kunna su sai na ɗan lokaci, manya na tsaye da bokitin ruwa ko na yashi, domin busasshen reshe da harshen wuta ba su zama wuri ɗaya lafiya. Mai wucewa a titi ba ya ganin komai sai ɗan ƙyalli ta taga.

Lantarki ne ya sauya wannan. A daren ƙarshe na shekarar 1879, Thomas Edison ya haska ɗakin bincikensa da hanyoyin da ke kewaye da shi a Menlo Park, jihar New Jersey, da sababbin ƙwayayen fitilarsa. Kamfanin jirgin ƙasa ya ƙara jirage na musamman, mutane wajen 3,000 suka yi tattaki cikin sanyin hunturu don kawai su ga haske. A watan Satumba na 1882 Edison ya buɗe tashar wutarsa ta farko a New York, a Disambar wannan shekara kuma abokin aikinsa Edward H. Johnson ya sa aka haɗa masa ƙananan ƙwayaye 80, ja da fari da shuɗi, ya rataya su jikin itacen gidansa, wanda aka ɗora bisa wata na'ura mai juya shi a hankali. Johnson babba ne a kamfanin Edison, saboda haka adon nasa talla ne tun ranar farko. A tsakiyar shekarun 1890 shugaba Grover Cleveland ya sa irin waɗannan fitilu a fadar gwamnati. Talaka dai sai kallo daga nesa, don a lokacin sai an ɗauko gwanin wuta ya haɗa kowace waya da hannu. Ko da kamfanin General Electric ya fara sayar da haɗaɗɗiyar igiyar fitilu a 1903, mai ƙwayaye 24 tana kan dalar Amurka 12, kusan ladan aikin mako guda na ma'aikaci.

Fitowar bikin waje a karo na biyu ta samo asali ne daga masu neman gyaran zaman birni. A 1912 aka kafa babban itace mai fitilu a dandalin Madison na New York, domin baƙi da marasa galihu, waɗanda ba su da ɗakin da za su yi biki a ciki, su ma su samu rabonsu. Garuruwa da dama suka kwaikwaya. A jajibirin Kirsimeti na 1923 shugaba Calvin Coolidge ya danna maɓalli ya kunna ƙwayaye 2,500 jikin wani itace da aka kawo daga jiharsa ta Vermont aka kafa kusa da fadarsa a Washington. Ƙungiyar masu sana'ar lantarki na cikin waɗanda suka kawo shawarar, kuma ba su ɓoye muradinsu na ganin an ƙara shan wuta ba. Wajen 1925 kusan rabin gidajen ƙasar ke da lantarki, ƙauyuka kuwa galibinsu suna cikin duhu har sai da gwamnatin Roosevelt ta kafa hukumar kai wuta karkara a 1935.

A garin Altadena na jihar Kalifoniya aka fara ganin abin da ya zama yawon kallon fitilu na yau. A can akwai wani titi mai suna Santa Rosa, wanda aka dasa wa dogayen itatuwa ƴan asalin duwatsun Himalaya gefe da gefe tun 1885. A 1920 wani ɗan kasuwa, Frederick Nash, ya nemi taimakon ƙungiyoyin gari aka rataya musu fitilu. Tsawon wurin ya ɗara kilomita 1 kaɗan, kuma tun farko masu motoci ne suka yi masa cincirindo, suna bi a hankali cikin inuwar itatuwan. A ƙarshen shekarun 1920 kamfanonin lantarki suka shiga shirya gasar adon gidaje tsakanin maƙwabta, suna ba da kyauta ga wanda ya fi. Ta haka adon ya tashi daga dandalin gari ya koma ƙofar gidan kowa.

Sauran abu guda shi ne lokacin zuwa kallo. Ma'aikacin ƙarni na 19 kwana 6 yake aiki, Lahadi kuma ta coci ce da hutawa. A 1926 Henry Ford ya mayar da masana'antunsa kan aikin kwana 5, yana mai lissafin cewa wanda ke da hutu shi ke sayen mota ya yi yawo da ita. Dokar ƙwadago ta 1938 ta kai makon aiki ga awa 40 daga 1940. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma sai aka shiga gina sababbin unguwanni a bayan birane. A Levittown kaɗai, kusa da New York, an gina gidaje fiye da 17,000 tsakanin 1947 da 1951. Fasalin waɗannan gidaje yana da muhimmanci ga labarin: ba katanga, ba zaure, sai filin ciyawa buɗe tsakanin ƙofa da titi, kuma kusan duk kamarsu ɗaya. Mazaunansu baƙin juna ne, kowa daga inda ya fito. Fitilar da mutum ya rataya a bakin rufinsa ita ce sallamarsa ga maƙwabcin da bai sani ba, ita ce kuma shaidar cewa shi ma ya samu. Wannan zumunci yana da iyakarsa, domin a shekarun farko kamfanin Levitt bai yarda ya sayar wa baƙar fata gida ba.

Sau biyu al'adar ta nuna cewa rayuwarta a hannun wadata take. Lokacin yaƙin, an taƙaita hasken dare a garuruwan bakin teku don tsoron harin abokan gaba, masana'antu kuma suka koma ƙera kayan soja. Sa'an nan a watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suka hana sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin wannan wata. Ranar 25 ga Nuwamba shugaba Richard Nixon ya yi wa ƴan ƙasa jawabi, ya nemi a bar kunna fitilun ado a wajen gidaje, ya kuma roƙi gidajen mai su riƙa rufewa daga ƙarfe 9 na daren Asabar har tsakar daren Lahadi. Jawabi ɗaya ya taɓa fitila da mota da ƙarshen mako gaba ɗaya. A wannan shekara titin Altadena bai haska ba, unguwanni da yawa suka yi Kirsimeti cikin duhu.

Da wadata ta komo, sai wata matsalar ta taso, wato ta wuce gona da iri. A birnin Little Rock na jihar Arkansas, wani attajiri mai suna Jennings Osborne ya fara da ƙwayaye 1,000 a 1986 don faranta ran ƴarsa. Kafin 1993 sun haura miliyan 3, har ya sayi gidajen da ke dama da hagu da shi don ya samu wurin ƙari. Motocin ƴan kallo suka toshe hanya, maƙwabta 6 suka kai ƙara. Alƙali ya taƙaita masa kwanaki da awoyin kunnawa, babbar kotun jihar kuma ta tabbatar a 1994 cewa abin ya zama cutarwa ga jama'a. Daga 1995 kamfanin Disney ya kwashe fitilun zuwa wurin shaƙatawarsa na Florida, inda sai mai tikiti ke ganinsu, har aka rufe nunin a farkon 2016. A unguwar Dyker Heights ta Brooklyn, wadda jikokin ƴan Italiya suka fito da sunanta tun shekarun 1980, wasu masu gidajen sukan ɗauki ƙwararru su yi musu adon, motocin safa na ƴan yawon buɗe ido na sauke jama'a kowane dare, mazauna kuma sun sha kokawa da shara da cunkoso. Fitilun LED da suka yaɗu a shekarun 2000 sun rage kuɗin wuta ƙwarai, sai dai rahusar ta ba mutane damar ƙara yawan ƙwayayen.

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne fitilar ƙofar gida kyauta ce da mai ita ba ya ganin kyawunta sai ya fito titi ya tsaya inda baƙo ke tsayawa. Kamfani ya ƙirƙiro ta don ciniki, gasa ta kumbura ta, amma inda ta daɗe, haɗin kan unguwa ne ya riƙe ta. A Altadena ƴan sa-kai ne ke taruwa ranakun Asabar da Lahadi tun watanni kafin biki, suna jan igiyoyin fitilu suna ɗora su bisa rassa, da kuɗin da mazauna suka tara. A 1990 gwamnati ta sa titin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. A watan Janairu na 2025 wata gobarar daji ta auka wa garin, ta cinye gine-gine fiye da 9,000 a yankin, ta raba dubban iyalai da muhallinsu. Itatuwan titin Santa Rosa, masu shekara 140 a wurin, galibinsu sun tsira.