Tsakanin Izini da Sallama: Waiwaye a Kan Shirin Tafiya ta Hanyar Gabas

Gabatarwa

A yau idan aka ce an buga wa wane biza, nan da nan gida kan kaure da murna, sai ka ce tafiyar ta riga ta ƙare. Alhali kuwa daga wannan rana ce ainihin aiki yake farawa: sayen tikiti, canjin kuɗi, ɗaure kaya da kewaya dangi domin sallama. Wannan ɗan tsakani da ke raba samun izini da barin gida ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu waiwayi yadda magabatanmu suke shirin barin ƙasa, ta hanyar ɗaukar misali guda, wato hanyar Gabas, wadda ta tashi daga ƙasar Hausa, ta ratsa Barno da Wadai da Darfur, har gaɓar Bahar Maliya. Mun zaɓe ta ne domin jama'a da dama sun hau ta da niyyar aikin hajji, amma tafiyar ta zame musu ƙaura.

Izini Kafin Zuwan Takarda

Kafin zuwan Turawa, maniyyaci ba ya neman hatimin kowace hukuma a kan takarda. Izininsa yana hannun mutane ne. Da farko zai nemi yardar iyaye, sa'an nan ya je ga malaminsa a yi istihara a sa masa albarka, daga bisani ya nemi madugun da zai karɓe shi cikin ayari. Idan akwai bashi a kansa, mai bashin ma yana da ta cewa, domin ba a yarda mutum ya sa ƙafa a hanya da haƙƙin wani a wuyansa ba.

Da zarar waɗannan sun amince, sai shiri ya kankama, kuma shiri ne irin na wanda ba shi da tabbacin dawowa. Zai mayar da duk wata ajiya ga masu ita. Zai damƙa gona da dabbobi ga ƙane ko amini a gaban shaidu. Zai yi wasiyya. Batun iyali shi ya fi nauyi: ko dai ya tafi da matarsa da 'ya'yansa, ko ya bar musu abin da zai riƙe su, ko kuwa ya sawwaƙe mata. Dalili kuwa shi ne, a mazhabar Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace, ba a san yana raye ko ya mutu ba, alƙali kan yanka mata shekara 4 tana jira kafin ta yi idda. Mai tsoron Allah ba ya son ya bar 'yar mutane cikin wannan hali. Bayan duk wannan sai ya bi gida-gida yana neman gafara, har wurin wanda suka daɗe ba sa ga maciji da juna.

Guzuri ma yana da nasa tsari. Ana haɗa abincin da ba ya saurin lalacewa, kamar gumba da kilishi da ƙuliƙuli da daddawa da kuka, a tanadi salka ta ruwa da buzu da allo. Sai dai kowa ya san babu taikin da zai kai mutum Makka. Saboda haka babban guzuri shi ne sana'a. Wanzami ya ɗauki zabirarsa, baduku ya ɗauki kayan aikinsa, maɗinki allurarsa, malami tawadarsa. Inda guzuri ya ƙare, nan za a yada zango, a yi noma ko sana'a damina ɗaya ko biyu, sa'an nan a ƙara gaba. Wannan ne ya sa tafiyar kan ɗauki shekaru, har yaron da aka goya daga Kano ya isa Jidda da ƙafarsa.

Waɗanda Ba Su Sami Damar Shiri Ba

A shekarar 1903 hanyar ta ga wani irin ayari dabam. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi Gabas, jama'a masu yawa suka bar gonaki da gidaje suka bi shi. An kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da waɗanda suka tsira har ƙasar Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kusa da Sinnar. Waɗannan ba su sami sukunin wasiyya ko sallama ba, kuma galibinsu ba su sake ganin gida ba. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, sai maniyyata suka sami wurin neman kuɗin jirgin ruwa. Da yawa sun tsaya tsinkar auduga na shekara guda, suka wayi gari sun yi jikoki a can.

Shigowar Fasfo

A tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ne hukumomin mulkin mallaka suka matsa a kan takarda. Aka buƙaci maniyyaci ya mallaki fasfo, a yi masa lamba da allurar rigakafi, ya kuma ajiye kuɗin jingina domin komowarsa. A Sawakin, tashar da ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda, akan tsare mutane a duba lafiyarsu. Talakawa da dama sun kauce wa wannan tsari, suka riƙa ƙetare teku a ɓoye cikin ƙananan jirage. Masu hali kuwa sun sami wata hanya: a 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajjinsa ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmud Ɗantata, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da aka sani da WAPA, wadda sunanta ya bi wani yanki na Fagge. Daga manyan motoci aka koma jirgin sama, tafiyar shekaru ta dawo ta 'yan sa'o'i.

Amma takarda ba ta kyale waɗanda suka riga ta tafiya ba. Bayan Sudan ta sami 'yancin kai a 1956, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta gindaya sharaɗin cewa zaman mutum ko na iyayensa a ƙasar ya kasance tun ƙarshen 1897. Ke nan zuriyar waɗanda suka iso bayan Burmi, ko da a can aka yanke musu cibiya, sun sha fama kafin a amince da su. An sassauta dokar daga baya, amma tabon ya daɗe. Ba banza ba masu iya magana suka ce baƙo raɓa ne.

Kammalawa

Idan muka auna jiya da yau, za mu ga cewa hanya ta gajarce, amma shiri ya ƙaranta. Ɗalibinmu ko likitanmu da ya karɓi biza yakan ƙare makonninsa na ƙarshe wajen awon akwati da neman rigar sanyi, ya manta da bashin da ke kansa, da matsayin matar da zai bari, da wanda zai kula da tsofaffinsa, domin yana ganin jirgi zai dawo da shi duk ranar da ya so. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. A watan Afrilu na 2023, da yaƙi ya ɓarke a Hartum, ɗaliban Nijeriya da suka shiga da cikakkun takardu sun fito ne cikin motocin safa zuwa iyakar Masar, wasu kuma ta Port Sudan, kowa da 'yar jakarsa. Biza izinin shiga ce kawai. Ba ta lamunce wa kowa zama ba, ba ta kuma lamunce masa dawowa ba. Magabatanmu sun fahimci haka tun ba su san fasfo ba. Saboda haka muna ganin wanda aka buga wa biza, kafin ya je kasuwa sayen akwati, ya kamata ya fara ɗaukar alƙalami ya rubuta abin da ake bin sa da abin da yake bi, sa'an nan ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya durƙusa.